Yarjejeniyar kimiyya da ta yi shiru kan bugawa rabin yarjejeniya ce

Duk lokacin da ƙasashe biyu suka sanya hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa ta kimiyya, sanarwar da ake fitarwa kusan iri ɗaya ce: za a gina ɗakin gwaje-gwaje, za a yi musayar ɗalibai, za a kafa kwamiti, ministoci za su riƙa ziyartar juna. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da wuya ka ji an ambaci inda aikin zai ƙare. Wa zai rubuta sakamakon? Sunan wa zai zo a farko? A wace mujalla za a buga, wa zai biya kuɗin bugawa, kuma mutanen ƙasar da aka ɗebi jini ko ƙasa ko ruwa a cikinta za su iya buɗe maƙalar su karanta? Waɗannan tambayoyi ana barin su ga masu binciken su sasanta a tsakaninsu, kamar ƙaramin al'amari ne.

Ra'ayina shi ne a wajen bugawa ake gane ko haɗin gwiwa na gaskiya ne. Mujallar kimiyya tana cikin wurare ƙalilan da ƙasashe masu gaba ke ci gaba da magana da juna bayan an janye jakadu. Saboda haka bai kamata a rufe ƙofarta don fasfon marubuci ba, bai kuma kamata a bar kuɗi su rufe ta a ɓoye ba. Gwamnatin da ta damu da diflomasiyyar kimiyya, wajibi ne ta sa batun bugawa cikin yarjejeniya tun daga shafin farko.

Abin da maƙala ke yi wanda jakada ba ya iyawa

Jakada yana magana da yawun gwamnatinsa, kowa kuma ya san haka, shi ya sa ake sauraronsa da kunne ɗaya. Maƙalar da aka tantance tana zuwa da hanyar da aka bi, da alƙaluman da aka samu, da sunayen waɗanda za a tuhuma idan ƙarya ce. Abokin gaba yana iya maimaita gwajin a ɗakinsa. Ba ya buƙatar yarda da kai kafin ya yarda da sakamakon.

Tarihin lemar ozon ya nuna yadda hakan ke aiki. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka buga a mujallar Nature cewa sinadaran da ake zubawa a firiji da gwangwanayen feshi suna cinye lemar da ke kare duniya daga zafin hasken rana. A 1985 wasu masu bincike uku na Birtaniya, Farman da Gardiner da Shanklin, suka buga a wannan mujalla ma'aunin da suka yi a Antatika, wanda ya nuna rami ya riga ya buɗe a lemar. Shekara biyu bayan haka, a 1987, aka sanya hannu kan Yarjejeniyar Montreal ta rage amfani da waɗannan sinadarai. Wakilan ƙasashe sun yi ta ja-in-ja kan kuɗi da wa'adi, amma gardamar ko ramin na nan ta yi sauƙi, domin alƙaluman suna a buɗe gaban kowa.

Kwamitin IPCC na sauyin yanayi, wanda aka kafa a 1988, ba ya gudanar da bincike da kansa. Abin da aka riga aka buga yake tattarawa ya auna. Kashi na farko na rahotonsa na shida, wanda ya fito a 2021, marubuta 234 ne suka haɗa shi daga nazarce-nazarce sama da 14,000, kuma an sa ranar rufewa: maƙalar da mujalla ba ta karɓa ba zuwa 31 ga Janairun 2021 ba ta shiga. Ma'anar wannan a aikace tana da nauyi. Ƙasar da masananta suka auna ruwan sama da fari shekara da shekaru, amma alƙaluman suka tsaya a cikin kundin digiri ko rahoton ma'aikata, za ta je teburin tattaunawa ta tarar ba a san da hujjarta ba. Abin da ba a buga ba, a idon masu shawara kamar bai faru ba.

Waɗanda suka tsara manyan yarjejeniyoyin ƙarni na ashirin sun fahimci wannan. Yarjejeniyar Antatika ta 1959, wadda ƙasashe 12 suka sa wa hannu har da Amurka da Tarayyar Sobiyet ana tsakiyar yaƙin cacar baki, ta rubuta a sashe na uku cewa za a yi musayar sakamakon bincike kuma a sake shi ga kowa. Takardar kafa CERN, cibiyar binciken ƙwayar zarra da aka buɗe a 1954 kusa da Jeniba, ta haramta aikin soja, ta kuma wajabta buga sakamako. Sharaɗin bugawar shi ne ya sa kowace ƙasa ta natsu cewa ba a ɓoye mata komai ba.

"Ai ƙasar da ta kai hari ba ta cancanci a saurare ta ba"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina, kuma ba na raina ta. Bayan Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022, masana da yawa na Yukren, waɗanda aka rusa musu jami'o'i, sun nemi mujallu su daina karɓar maƙalu daga cibiyoyin Rasha. Ƙungiyar shugabannin jami'o'in Rasha ta fitar da takardar goyon bayan yaƙin a watan Maris na shekarar. Mutumin da ke rubutu daga maɓoyar bam yana da haƙƙin ya tambayi dalilin da zai sa sunan irin waɗannan jami'o'i ya ci gaba da fitowa a shafi ɗaya da nasa.

Duk da haka, an taɓa gwada ƙauracewar, kuma mun san abin da ta haifar. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, majalisar bincike ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1919 ta hana masanan Jamus da ƙawayenta shiga taruka da ƙungiyoyi. A lokacin Jamus ce kan gaba a kimiyyar sinadarai da fizik. Da aka ɗage haramcin a 1926, Jamusawan suka ƙi shiga saboda fushi. Ƙauracewar ba ta dawo da ran kowa ba, ta dai raba masana gida biyu na tsawon shekaru, ta kuma ƙarfafa masu cewa duniya ta tsani Jamus.

A kwatanta da abin da aka yi lokacin yaƙin cacar baki. Daga 1955 cibiyar masana fizik ta Amurka ta fara fassara babbar mujallar fizik ta Sobiyet, JETP, daga bango zuwa bango, da tallafin gwamnati. A Mosko kuma cibiyar VINITI, wadda aka kafa a 1952, tana taƙaita maƙalun duniya cikin Rashanci. Ƙasashe biyu da suka auna wa juna makaman nukiliya suna biyan mafassara don su karanta aikin juna. Masanan da suka san juna ta wannan hanya suna cikin waɗanda suka zauna a tarukan Pugwash daga 1957, inda aka tattauna hanyoyin tabbatar da cewa an daina gwajin makamai.

Abin ma ya girmi ƙarni na ashirin. Henry Oldenburg, Bajamushen da ya fara fitar da Philosophical Transactions a Landan a 1665, an tsare shi a kurkukun Hasumiyar Landan a 1667 saboda yawan wasiƙunsa da ƙasashen waje lokacin yaƙi da Holan. Da ya fito ya ci gaba da aikinsa, kuma a 1673, Ingila da Holan suna wani sabon yaƙin, ya buga wasiƙar farko ta Antonie van Leeuwenhoek daga garin Delft na Holan, mutumin da daga baya ya fara bayyana ƙananan halittun da ido ba ya gani.

A 2022 manyan kamfanonin ɗab'i sun zaɓi hanya ta tsakiya: sun dakatar da sayar da hajarsu ga cibiyoyin Rasha da Belarus, amma suka ci gaba da karɓar maƙalu, bisa ƙa'idar ƙungiyar ɗa'ar bugawa ta COPE cewa asalin marubuci ko siyasar gwamnatinsa ba sa shiga hukuncin edita. A ganina rabin farko na wannan mataki yana da aibi, domin ɗalibin likitanci da aka yanke wa hanyar karatu ba shi ya ba da umarnin harbi ba. Rabi na biyu daidai ne. A CERN an shafe kusan shekara guda manyan gwaje-gwajen suna sakin sakamako ba tare da jerin sunayen marubuta ba, saboda an kasa daidaitawa. A farkon 2023 aka cimma matsaya: a rubuta sunan kowane masani da lambarsa ta ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, a cire sunan cibiyarsa ta Rasha ko Belarus. Wannan mafita ta bambanta mutum da hukuma, kuma ita ce ya kamata sauran mujallu su koya. A hana cibiyar da ta goyi bayan yaƙi kuɗi da kujera da yabo, a bar wa mutum aikinsa da sunansa.

Takunkumin da ba a yi don mujalla ba, amma ya faɗa kanta

Yawancin ɓarnar ba daga shawarar edita take zuwa ba. Daga ofishin lauyoyi take zuwa. A Satumbar 2003 ofishin kula da takunkumi na baitulmalin Amurka ya shaida wa ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE cewa gyara rubutun marubucin Iran, ko da gyaran nahawu ne, hidima ce da ke buƙatar lasisi. Wato za ka iya buga maƙalar yadda ta zo, amma ba za ka gyara waƙafi ba. Sai da ƙungiyoyin mawallafa suka kai ƙara, Shirin Ebadi, 'yar Iran mai lambar Nobel, ta bi sahu, sannan a Disambar 2004 aka fitar da lasisi na bai ɗaya da ya halatta aikin bugawa da marubutan Iran da Kiyuba da Sudan. A Mayun 2019 IEEE ɗin ta hana ma'aikatan kamfanin Huawei na Sin yin bitar maƙalu saboda dokar fitar da fasaha, ta janye cikin 'yan kwanaki bayan ta sami bayani daga hukuma.

Ga yadda abin ke lalacewa a aikace. Maƙala tana bin matakai: marubuci ya ɗora ta a shafin mujalla, edita ya duba ko ta dace, a aika wa ƙwararru biyu ko uku su yi bita, a mayar wa marubuci ya gyara, a karɓa, a biya kuɗi idan akwai, a ba ta lambar DOI, wato lambar shaidarta ta dindindin a intanet, sannan ta shiga manyan kundayen da ke lissafa maƙalu. Takunkumi na iya tare ta a kowane mataki ba tare da an ce an ƙi ta ba. Na'urar tantancewa ta ga sunan ƙasa ta ɗaga tuta. Mai bita ya ji tsoro ya ƙi amsa wasiƙa. An karɓi maƙala, banki ya ƙi wuce da kuɗin bugawa. Marubucin ba zai taɓa samun takardar da ta ce an hana shi ba, zai dai ga watanni suna wucewa. Maganin wannan yana hannun gwamnatoci: duk dokar takunkumi ta fito da keɓewa a rubuce ga bita da gyara da bugawa da biyan kuɗinsu, da harshen da ma'aikacin banki zai gane. In ba a rubuta ba, kowa zai zaɓi ƙin taɓawa don kare kansa.

"To, asirin ƙasa fa?"

Gaskiya ne akwai binciken da ke da fuska biyu. A ƙarshen 2011 kwamitin tsaron halittu na Amurka ya nemi a ɓoye wasu bayanai daga maƙalu biyu, na Ron Fouchier a Holan da Yoshihiro Kawaoka a Amurka, kan yadda murar tsuntsaye ta H5N1 za ta iya yaɗuwa tsakanin dabbobi masu shayarwa. An yi watanni ana muhawara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro, aka sake duba rubutun, aka buga su a 2012. Abin lura shi ne an yi hukunci kan abin da ke cikin maƙalar, ba a dubi tutar marubutan ba. Haka ya dace. Idan aiki yana da haɗari, yana da haɗari ko daga ƙasar aboki ya fito. Wurin tare shi kuma tun lokacin ba da kuɗi da izinin gwaji ne, ba ranar da aka gama aka kawo wa edita ba.

Haka batun ɗa'a. A Fabrairun 2024 wata mujallar kimiyyar ƙwayoyin gado ta kamfanin Wiley ta janye maƙalu 18 daga Sin saboda shakku kan ko mutanen da aka ɗebi samfurinsu, ciki har da 'yan ƙananan ƙabilu, sun yarda da son ransu. Wannan janyewa ta dogara da laifin da aka gani a aikin. Wanda ya ce a buɗe ƙofa ga kowace ƙasa bai ce a daina bincikar takardar izini ba.

Inda nake ganin mawallafa sun ci amanar matsayinsu shi ne lokacin da suka bar gwamnati ta zaɓa wa mutanenta abin karantawa. A Agustan 2017 maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta toshe maƙalu kusan 300 na mujallar China Quarterly a cikin Sin bisa buƙatar hukuma, ta dawo da su bayan 'yan kwanaki da masana suka yi ca. A watan Nuwamba na shekarar Springer Nature ta amsa cewa ta toshe wasu maƙalunta a can, ita kuma ba ta janye ba. Wanda ke neman a amince da shi a matsayin ɗan ba-ruwanmu ba zai riƙa sayar da kundi iri biyu ba, cikakke ga wasu, yankakke ga wasu.

Akwai kuma ƙananan rigingimu da editoci ke fama da su kullum: taswirar da ta zana iyakar teku yadda ƙasa ɗaya ke so, adireshin marubuci daga Taiwan ko Kirimiya, sunan tekun da Iran da ƙasashen Larabawa ke kira daban. Yawancin manyan mujallu suna rubuta cewa ba su ɗauki ɓangare kan iyakoki ba, su bar marubuci ya rubuta adireshinsa. Ba cikakkiyar mafita ba ce, amma ta fi edita ya zama alƙalin kan iyaka.

Ƙofar da kuɗi suka rufe

Nan ne na fi son a tsaya, domin masu magana kan diflomasiyyar kimiyya sun fi son zancen yaƙi da takunkumi, alhali wariyar da ta fi yawa tana faruwa ne tsakanin ƙasashen da ke zaman lafiya.

A 1982 wasu masana Jamus suka buga a wata mujallar nazarin ƙwayoyin cuta cewa sun sami alamun Ebola a jinin mutanen Laberiya, suka yi gargaɗin a sa ƙasar cikin yankin da cutar ke iya ɓulla. Babu ɗan Laberiya ko ɗaya cikin marubutan. Bayan annobar da ta ɓarke a 2014 ta kashe mutum sama da 10,000 a Yammacin Afirka, Bernice Dahn, babbar jami'ar lafiya ta Laberiya a lokacin, da abokan aikinta biyu suka rubuta a New York Times a Afrilun 2015 cewa jami'an ƙasar ba su san da gargaɗin ba, kuma sauke irin wannan maƙala zai ci wa likita dala 45, kusan rabin albashinsa na mako. An ɗebi jinin a ƙasar, an buga sakamakon a waje, ba a mayar wa masu jinin da labari ba.

Ƙasashe suna lura da irin wannan, kuma suna ramawa. A farkon 2007 Indonesiya, ƙarƙashin ministar lafiya Siti Fadilah Supari, ta daina aika samfurin murar tsuntsaye ga cibiyoyin Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan ta gano ana yin rigakafi da samfurinta wanda ba za ta iya saye ba. Sai a 2011 aka cimma tsarin rabon amfani. Rumbun bayanan ƙwayoyin cuta na GISAID da aka buɗe a 2008 ya samu karɓuwa ne saboda sharaɗi ɗaya mai sauƙi: wanda ya yi amfani da bayanan wani dole ya ambace shi, ya kuma nemi yin aiki tare da shi. Ambaton suna, wanda wasu ke ɗauka kwalliya ce, shi ne ya sa ƙasashe suka saki bayanai. A Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu, su Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, suka sanar da duniya nau'in Omicron na cutar korona cikin 'yan kwanaki da gano shi. Sakamakon da suka samu shi ne rufe wa ƙasashensu hanyoyin jirgi. Duk ministan lafiya da ya ga haka zai yi tunani sau biyu kafin ya bar masanansa su yi saurin bugawa.

Za a ce ai yanzu an buɗe mujallu, kowa na karatu kyauta. An buɗe wasu, amma an ɗauke kuɗin daga kan mai karatu an ɗora wa marubuci. Da Nature ta fara wannan tsari a 2021, ta sa Yuro 9,500 kan maƙala guda. Mujallu da yawa suna karɓar dala dubu biyu zuwa huɗu. Ana yafe wa ƙasashe mafi talauci, bisa jerin Bankin Duniya, amma masanin ƙasa mai matsakaicin samu, wanda kuɗin ƙasarsa ya faɗi kuma ba shi da tallafin waje, ragi kawai yake samu ko ya tashi a tutar babu. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya yi aikin haɗin gwiwa: wanda jami'arsa za ta biya shi ake sa wa a matsayin marubucin da mujalla ke hulɗa da shi, domin yarjejeniyar biyan kuɗi da sunansa take aiki. Sannu a hankali jagorancin aikin ya koma inda kuɗin yake.

Za a kuma ce akwai Research4Life, wanda ya fara da shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, yana ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karatu kyauta ko da dala 1,500 a shekara. Shiri ne mai amfani ƙwarai, ɗakunan karatu da yawa da shi suke rayuwa. Sai dai kyauta ce, mai bayarwa na iya janyewa. A Janairun 2011 wasu kamfanoni suka cire mujallu kusan 2,500 daga Bangladesh, sai da aka yi surutu sannan aka mayar. Ba a gina dangantakar ƙasashe kan abin da wani zai iya ɗaukewa da wasiƙa ɗaya.

Hanyoyin da suka fi ƙarko suna nan ana gani. SciELO, da ta fara a Brazil a 1998 da kuɗin gwamnati, ta haɗa mujallun ƙasashen Latin Amurka da Sifen da Fotugal da Afirka ta Kudu a dandali ɗaya, ana karantawa kyauta cikin harsuna da dama. Dandalin intanet na AJOL yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka. A fannin fizik na ƙwayar zarra, shirin SCOAP3 da CERN ke jagoranta tun 2014 ya tara kuɗin ɗakunan karatu na ƙasashe sama da 40 a asusu ɗaya, yana biyan mujallu kai tsaye, marubuci daga ko'ina ba ya biyan ko sisi. A Nuwamban 2021 ƙasashe 193 suka amince da shawarar UNESCO kan buɗaɗɗiyar kimiyya, wadda ta goyi bayan irin wannan tsari. Amincewa a taro ba ta biyan albashin edita ko kuɗin rajistar DOI. Ƙasar da ke son a ji muryarta sai ta sa wa mujallunta kasafi na dindindin, ta kuma daina auna malamanta da bugawa a waje kaɗai.

Edita na da ƙarfin da bai cika amfani da shi ba

A Disambar 2020 mujallar Cretaceous Research ta fitar da bayanin wani ƙashin dinoso da aka samo a arewa maso gabashin Brazil, yana ajiye a gidan tarihi na Karlsruhe a Jamus. Masanan Brazil suka ce an fitar da shi ba bisa dokar ƙasarsu ba. Mujallar ta janye maƙalar, kuma a Yunin 2023 aka mayar da ƙashin Brazil. Da zarar an san ba za a iya buga komai a kansa ba, riƙe shi ya rasa amfani. Tun daga 2021 mujallun PLOS suke tambayar marubuta yadda suka yi da mutanen wurin da aka yi bincike, Nature ma ta fitar da irin wannan ƙa'ida a 2022. Tambayoyin ba su da wuya: ina takardar izini, su wa suka tattara bayanai, me ya sa ba sa cikin marubuta? Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ma ta ce duk wanda ya yi aiki mai nauyi wajen tattara bayanai a ba shi damar shiga rubutu, kada a hana shi sannan a ce bai rubuta ba.

Abin da ya kamata a rubuta kafin a sa hannu

Da farko a fayyace marubuta tun kafin a ɗebi samfur na farko: wa zai jagoranci wace maƙala, wa zai zo farko, wa zai zo ƙarshe, da wanda zai raba gardama idan ta taso. Idan aikin zai haifi maƙalu biyar, a rubuta nawa ne masanan ƙasar da ake aikin za su jagoranta.

A ware kuɗin bugawa a kasafi da layinsa daban, a kuma ce ba ya bin sunan jami'ar da ta biya. A wajabta ajiye kwafin kowace maƙala a rumbun da kowa zai buɗe kyauta a ƙasashen biyu ranar da ta fito, tare da taƙaitawa cikin harshen da jami'an wurin da mutanen da abin ya shafa ke karantawa. Sakamakon da ya shafi lafiyar jama'a a kai shi ma'aikatar lafiya ta ƙasar kafin a kai wa mujalla.

Samfur kada ya tsallaka iyaka sai da takardar miƙa kaya da ta faɗi abin da za a yi da shi, da inda ragowar za ta koma, daidai da Yarjejeniyar Nagoya kan rabon amfanin albarkatun halittu, da ta fara aiki a 2014. Bayanai su zauna a ƙasashen biyu, kuma a ba waɗanda suka tattara su wa'adi, wata shida ko shekara, su fara nazari kafin a sake wa masu manyan na'urori. Idan wani ɓangare na son duba rubutu don neman haƙƙin mallakar ƙirƙira, a ba shi kwana 30 zuwa 90, bayan haka ba shi da ikon hanawa. Gwamnati ko kamfani kada a ba su damar sauya sakamako ko binne shi.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: me zai faru idan ƙasashen suka ɓata? A rubuta cewa aikin da aka riga aka gama za a buga shi da sunayen duk waɗanda suka yi shi, ɗaliban da ke tsakiyar digiri za su ci gaba da amfani da bayanansu har su kammala, kuma kowane ɓangare zai riƙe kwafinsa. Cibiyar SESAME, mai babbar na'urar haske ta binciken kimiyya, da aka buɗe a Jodan a 2017, tana da Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya da Kubrus da Masar da Pakistan a majalisa ɗaya, wasunsu ba su da ko hulɗar jakadanci, kuma ana raba lokacin amfani da na'urar ne bisa ingancin buƙatar da masani ya rubuto. Irin wannan sharaɗi lokacin da ba a ga-maciji ba ya rubutuwa, sai a rubuta shi tun ana shiri.